Halliru, Wanda Ake Fara Kashewa

A wani ƙaramin ofishi da ke taimaka wa manoman rani a Wurno, akwai takarda manne a bango kusa da ƙofa, mai ɗauke da sunayen ma'aikata bisa matakin kowa. Sunaye huɗu na'ura ce ta buga su. Na biyar da biro aka ƙara shi a ƙasa, kuma duk bayan wata shida sai an sake bin sa, don rana tana cinye tawada. Sunan Halliru ke nan, masinjan ofishin. Shekara goma sha bakwai ya yi yana aikin wucin gadi, abin da ya nuna cewa wucin gadi ma yakan daɗe idan ya samu mai haƙuri.

An haife shi a wani ƙauyen masunta a bakin gulbin Rima, kusa da Goronyo. Mahaifinsa, Abubakar, da gora yake su. Goran masunta ƙato ne, mutum ba ya iya rungume shi, kuma baki ɗaya gare shi a sama. Masunci yakan kwanta a kansa ruf da ciki, cikinsa ya rufe bakin, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa. In ya kama kifi sai ya ɗan ɗaga, ya jefa shi ciki, ya koma ya rufe. Duk ilimin sana'ar yana cikin wannan ɗan ɗagawar. Wanda ya ɗaga fiye da kima, gora ya karkace ya sha ruwa, daga nan kuma ba gora ba ne, tukunya ce. Halliru ya koyi wannan tun kafin ya koyi karatu, kuma ya fi riƙe shi.

Ya yi firamare zuwa aji huɗu, ya koma ruwa. Da iyali suka ƙaru kifi bai ƙaru ba, sai ya komo Wurno ya kama kabu-kabu da mashin ɗin wani. A nan ne ofishin ya nemi wanda ya san hanyoyin fadama, na ɗan lokaci, aka ɗauke shi. Tun daga ranar shi ne mai shara, shi ne mai dafa shayi, shi ne mai kai takardu Sakkwato. Manomin da ya zo daga Lahodu ko Rimawa yakan leƙa ofis ya gaishe da manya cikin girmamawa, sannan ya fito waje ya tambayi Halliru abin da ya kawo shi.

Ƙa'idar wurin ta ce ba a tabbatar wa mutum da aiki idan ya cika shekara hamsin. Kafin nan kuma hanya ɗaya ce ga wanda ba shi da takardar makaranta: shugaban ofis ya rubuta wa babban ofis cewa ga wani aikin bajinta da ma'aikacin ya yi, ya faɗi rana, ya faɗi wuri. A bara Halliru yana da arba'in da tara, bisa takardar shekarun da shi da kansa ya yi rantsuwa a kanta. Idan ya cika hamsin babu wasiƙa, wata rana za a daina bin sunansa da biro, shi ke nan. Ba kora ba ce, don ba a korar wanda ba a taɓa ɗauka ba.

Abin da ya kamata a rubuta ɗin kuwa ya riga ya faru, shekara uku kafin nan, a wata damina da ruwa ya yi yawa. Su biyar suka fita duba gonakin shinkafa. Akwai shugaban ofis, Alhaji Musaddiq, mutumin Rabah, mai son tsari da babbar riga. Akwai Malama Adawiyya, malamar gona, da Mujaheed mai kwamfuta, da Lukman direba. Halliru yana baya riƙe da jakar kowa. Suka bar mota a bakin hanya, suka taka ruwa iya idon sawu zuwa wani tudu a tsakiyar fadama. Halliru ya dubi ruwan, ya ga ya yi ja, yana tafe da karan dawa da ba na wurin ba.

"Ranka shi daɗe, ruwan ga daga sama shi ke. Mu koma."

Alhaji ya duba takardar aikin ranar, bai ga komawa a cikinta ba kafin azahar. Da la'asar ta yi, inda suka taka ya shanye mutum har da hannunsa a miƙe.

Kwana biyu suka yi a kan tudun. Waya ba ta kamawa. Abinci kuwa suna da buhu guda na irin shinkafa, wanda aka rubuta a jikinsa da harsuna biyu cewa an sa masa magani, kada a ci. Halliru ya nemi aron babbar rigar Alhaji cikin ladabi, ya ɗaure hannayenta, shi da Lukman suka ja ta a gefen ruwa. Shadda ce mai tsada, ta je ɗaurin aure da yawa, amma ranar ce ta fara ciyar da wani: karfasa bakwai da tarwaɗa biyu. Da aka zo maganar wuta, Lukman, wanda ya rantse ya bar taba tun azumin bara, ya sunkuyar da kai ya fiddo ashana. Ba wanda ya ce masa komai, har yau.

A safiya ta uku ruwa ya rage gudu. Halliru ya tuɓe ya yi iyo zuwa wani ƙauye a ƙetare. Ya tarar duk kwale-kwalen garin sun tafi kwashe mutanen wata ruga, sai wani tsohon masunci, Baba Siddiq, ya ba shi aron gora biyu da igiya. Da su ya tsallakar da abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Malama Adawiyya ya haɗa mata goran biyu da sanda, ya ja ta da igiya daga nesa, matan ƙauyen suka tare ta a bakin ruwa da busasshen zani. Alhaji ya ce shugaba shi ne na ƙarshe, kuma yana kallon ruwan ne lokacin da ya faɗi haka. Ya tsallake daga shi sai singileti da gajeren wando, ido a rufe, yana karanta duk abin da ya haddace, Halliru yana tura goran da kafaɗa, kayan Alhajin a ɗaure bisa kansa.

Bayan mako guda aka rubuta rahoto da Turanci. Mujaheed ne ya buga shi, shi ne kuma ya fassara wa Halliru layin da ya shafe shi, yana kallon ƙasa. Layin ya ce ma'aikata sun tsira bisa jagorancin shugaban ofis, tare da taimakon wasu mazauna yankin. Halliru ya ce, "To, ai ni mazaunin yankin na." Ya sa rahoton a jaka ya kai Sakkwato.

Alhaji Musaddiq ba mugu ba ne. Mutum ne da ya ba da labarin nan a wurin ɗaurin aure, ya ba da shi a wurin suna, kuma kowane karo sai ruwan ya ƙara zurfi, mai tura goran ya ƙara nisa. Cikin shekara biyu ya fara tuna abin yadda yake faɗarsa.

Wadda ba ta manta ba ita ce Kaltume, matar Halliru, mai suyar kifi a cikin gida. Duk wanda ya taɓa sayen kifinta ya san ba ta rage yaji, a kasko ko a baki.

"Malam, wai bakin ga naka na shan shayi na ɗai? Ka tahi ka ce mishi shi rubuta abin da anka yi."

"In ya rubuta abin da anka yi, sai ya rubuta singileti. Mutum na mai iyali."

"Kai hwa? Mu duwatsu na ka tara cikin gida?"

"Allah shina gani."

"Shina gani ƙwarai. Babban ohis na ba ya gani."

Haka suke yi duk wata shida, ranar da aka sake bin suna da biro.

A ranin bara aka umarci ofishin ya wayar wa manoma da kai kan ambaliya. Abin da aka saba shi ne a buga fasta mai hoton gida cikin ruwa, a manna a jikin itace, awaki su karanta ta da baki. Sai Mujaheed, wanda ya haura talatin yana kallon finafinan ban tsoro na ƙasashen waje a wayarsa lokacin cin abinci, ya kawo shawara a yi fim. Har ya rubuta labarin. Ma'aikata biyar ruwa ya tsare su a kan tudu, akwai kuma wani abu a cikin ruwan da ke ɗauke mutum ɗaya kowace rana, har ya rage saura guda. Ya sa masa suna Tudun Mutum Biyar. Ya ce mutane ba su tsoron fasta, amma suna tsoron dodo.

Alhaji ya amince nan take, da ya ji akwai wanda zai tsira. Rigimar ta tashi ne a kan wanda zai riga wani mutuwa.

"Don mi zan mutu gaban Mujaheed?" in ji Lukman. "Na girme shi da shekara takwas."

"Labari na, Lukman. Ba mutuwar gaske ta ba."

"To in ba ta gaske ta ba, kai ka yi ta."

"Ni dai ku kashe ni inda kunka ga dama," in ji Malama Adawiyya, "amma ba ni ihu. Dangin maigidana duk suna da waya."

Aka yi kusan awa guda. Daga ƙarshe Alhaji ya ɗaga hannu, ya nuna takardar da ke bango.

"Mi ad da wahala? Ai muna da tsari."

Aka tsayar cewa dodo zai bi matakin aiki, daga ƙasa zuwa sama. Lukman bai ji daɗi ba, amma ya yarda cewa tsari ne. Malama Adawiyya za ta ɓace ba a gani ba, a tarar da takalminta guda a bakin ruwa. Halliru, da yake ba shi da mataki, zai mutu tun kafin sunan fim ya fito. Aka tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya tambaya ko in ya mutu zai iya tashi ya ɗora shayi. Aka ce zai iya.

Saura dodon. Aka nemi mai yi a cikin gari, kowa ya ce yana da surukai. Sai Mujaheed ya lura cewa daga minti na huɗu Halliru ba shi da aiki. Aka haɗa masa biyun, kamar yadda aka saba.

Kaltume ta ji labari ta aje matsami.

"Wato ka hid da su ruwa, ladanka su kashe ka, sa'an nan su maishe ka dodo?"

"Dodon ya fi kowa fitowa, in ji Mujaheed."

"Da laka ga huska. Ko ni sai na tambaya wa na."

Asabar uku aka yi ana ɗauka, a wani ɗan tsibiri a gefen tafkin Goronyo. Duk da rana tsaka aka yi, don wayar Mujaheed ba ta gani a duhu, kuma kowa yana son ya isa gida kafin magariba. Saboda haka fim ne na ban tsoro wanda kowane lungunsa a haske yake. Aka shafe Halliru da laka daga kai har ƙafa, aka rataya masa kainuwa, aka lulluɓe kansa da tsohuwar komar kamun kifi. In ya taso daga ruwa a hankali, gaskiya yana da ban tsoro, kamar na daƙiƙa biyar, kafin wani ya wuce a kwale-kwale.

"Salamu alaikum. Halliru na? Mi yas same ka?"

"Alaikumus salam. Lahiya lau, Baba. Aiki na."

"Aikin ohis?"

"Shi na."

"To, Allah shi ba da sa'a. Ƙaƙa iyali? Ƙaƙa Kaltume da ɗiya?"

Mujaheed ya roƙi dodo ya daina amsa gaisuwa. Dodo ya ce zai iya yin shiru ga tsaransa, amma ba ga wanda ya san mahaifinsa ba, kuma a tafkin nan kusan kowa ya san mahaifinsa. Matan ƙauyen da ke kusa kuma suka ji cewa ruwa ya sake tsare ma'aikatan nan, suka aiko da fura. An yi musu bayani, suka ce sun gane, suka sake aikowa. Wanda ya kalli fim ɗin da kyau zai ga ƙwarya a bayan Lukman daidai inda yake cewa kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba.

A Asabar ta ƙarshe aka zo wurin tsira. Bisa labarin, shugaba zai hau gora shi kaɗai ya tsallake, dodo ya taso a bayansa ya miƙa hannu ya kuskure. Mujaheed zai bi su a kwale-kwale da waya. Alhaji ya ce da babbar riga da hula zai yi, don manoma su gane shi. Halliru ya durƙusa a gefensa cikin laka da kainuwa.

"Ranka shi daɗe, abu guda ɗai. Kada ciki shi bar bakin gora. Komi anka ce maka, kada shi bari."

"Halliru, ni za ka koya ma gora? Ba ni nit tsallake wancan karo ba?"

"Hakanan na, ranka shi daɗe."

Kuma gaskiya ne, ya tsallake.

Da farko abin ya yi kyau. Alhaji ya kwanta a kan gora, ya tuƙa, ya yi nisa da gaɓa, rigar ta bazu a kan ruwa. Daidai inda ƙafa ta daina taɓa ƙasa Mujaheed ya ga hoton ya yi masa daɗi, ya ɗaga murya.

"Yallaɓai, dubo nan! Ɗaga hannu, ka tsira!"

Alhaji ya dubo. Ya ɗaga ƙirji, ya ɗaga hannu, da ɗaya hannun kuma ya gyara hula. Gora ya karkace, ya yi wata ƙara kamar ta mai shan fura da gaggawa, ya nutse. Shaddar ta sha ruwa ta naɗe masa ƙafafu. Kai ya shiga, ya fito, ya sake shiga.

A rubuce, nan ne dodo zai miƙa hannu ya kuskure. Bai kuskure ba. Ya nutsa ya cafko wuyan rigar ta baya, ya ɗago shi. Alhaji ya juyo ya yi ido biyu da laka da kainuwa da koma, ya kurma ihun da shi kaɗai ne na gaske a duk fim ɗin, sannan ya rungume wuyan abin da ya tsorata shi.

"Ni na, ranka shi daɗe, Halliru na. Saki wuyana. Saki wuyana ka kwanta bisa baya. Yawwa. Rufe ido in ka so, kamar wancan karo."

Ya ja shi har inda ruwa ya dawo iya gwiwa, ya zaunar da shi, ya bubbuga masa baya har ya amayar da rabonsa na tafkin. Daga nan ya koma ya kamo hular da ke tafiya Goronyo ita kaɗai, ya matse ta, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Mujaheed ya manta bai kashe waya ba. Haka dai ya ce.

Ranar Litinin aka shiga shawara. Mujaheed ya ce ana iya sake ɗauka. Alhaji ya ce ruwan da ya fi cikin buta ba zai ƙara ganin sa ba. Ya rage ko a yanke fim ɗin daga inda Malama Adawiyya ta ɓace, a bar shi babu wanda ya tsira, ko a bar abin da waya ta ɗauka. Alhaji ya ce a nuna masa. Ya kalla sau ɗaya. Ya ce a mayar baya, ya sake kallo, ya tsaya a kan wurin da dodo ke cewa kamar wancan karo. Halliru yana tsaye da faranti.

"Kai mi kag gani, Halliru?"

"Rigar ta yi kyau ga hoto, ranka shi daɗe."

Alhaji ya daɗe yana juya cokali a cikin shayin da babu sauran abin juyawa. Sannan ya ce a bar shi.

An nuna fim ɗin a wani gidan kallon ƙwallo a Goronyo, ranar da babu wasa, bayan la'asar. Malama Adawiyya ta sa aka keɓe wa mata benci huɗu a baya, Kaltume ta zo da wuri ta kama na farko. Manoma da masunta suka cika wurin, wasu a tsaye. Ba wanda ya ji tsoro. Da Halliru ya mutu a minti na uku wani ya ce, "Ashsha, shi na ɗai ya san hanya." Da dodo ya taso, rabin ɗakin suka gaishe shi da suna. Aka ga ƙwaryar fura, aka nuna wa juna. Mujaheed yana gefe yana kallon rufin kwano.

Amma da gora ya nutse, dariya ta tsaya. Mutanen wurin sun san wannan ƙarar, wasu sun rasa 'yan'uwa da ita. Aka zuba ido har dodo ya ja Alhaji zuwa gaɓa, har ya miƙa hula. Sai wata tsohuwar murya ta taso daga gaba. Baba Siddiq ne, wanda ya ba da aron gora shekara uku da suka wuce, kuma kunnensa ya yi nauyin da ba ya sanin ƙarfin muryarsa.

"Karo na biyu ke nan! Wancan karo gorana na, kuma babu riga!"

Bisa tsarin taro, abin da ke biye shi ne jawabin shugaban ofis kan illolin ambaliya, shafi uku. Alhaji ya miƙe da takardar a hannu. Ya dube ta, ya dubi Baba Siddiq, ya dubi ƙofa, inda Halliru ke tsaye yana tsaron takalman manyan baƙi. Ya ninke takardar ya sa aljihu.

"Baba ya hwaɗi gaskiya. Singileti na ɗai, da gajeren wando." Aka yi dariya, ya jira ta wuce. "Ranar Halliru ya ce mu koma, ban koma ba. Shi yac ciyar da mu, da rigata. Shi yaf fid da mu, ni idona rufe. Da nir rubuta rahoto, na bar suna guda. Gobe ba aiki, jibi ina rubuta shi."

Daga bencin mata aka ji murya, ba ta yi ƙasa ba.

"A sa shi da na'ura, Alhaji. Biro ya ishe mu."

Jawabin ambaliya ke nan da aka yi ranar, kuma har yanzu akwai masu iya maimaita shi.

Alhaji ya rubuta wasiƙar, ya faɗi rana, ya faɗi wuri, ya faɗi gora. Mujaheed ya buga. Da yake ofishin masinja guda gare shi, Halliru ne ya kai ta Sakkwato, a naɗe cikin leda biyu ko da yake rani ne. Amsa ta ɗauki wata huɗu. Ta iso saura kwana goma sha tara ya cika hamsin, shi ne kuma ya ɗauko ta bai san abin da ke ciki ba. An tabbatar masa da aiki a mataki mafi ƙanƙanta da ake da shi. Kaltume ta sa aka karanta mata sau biyu, ta ce Turancin ya yi kaɗan in aka kwatanta da shekara goma sha bakwai, sannan ta soya kifi ta raba wa maƙwabta.

Fim ɗin yana yawo a wayoyi daga Wurno har Rabah. Ba a tabbatar ya tsorata kowa ba, amma a daminar da ta biyo baya an ji manoma suna ce wa juna a dubi launin ruwa kafin a tsallaka. Alhaji ma yanzu in an fita fadama yakan tsaya a bakin ruwa, ya yi kamar yana duba takarda, ya ce a hankali, "Halliru, mi ruwan ga ka cewa?"

Ranar da aka manna sabuwar takarda a bango, sunaye biyar duk bugun na'ura, Lukman ya tsaya a gabanta ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa.

"Barka, Dodo. Amma hwa har yanzu kai na ƙarshe. In anka sake fim, kai za a hwara kashewa."

"Babu komi," in ji Halliru. "In na mutu da wuri, ina samun lokacin hid da ku."

Ya ɗauki butar shayi ya fita ɗebo ruwa.